Kamu 6 da Tazarar Mita 10: Yadda Aikin Alƙalin Wasan Zari-ruga na Lig Yake

Wanda ya zauna kallon zari-ruga na lig karon farko, karon ƙirji da ƙirji ne ke ɗauke masa hankali. Sai idonsa ya saba sannan kunnensa zai kama wata murya da ba ta yin shiru tun daga usur na farko har na ƙarshe. Tana ƙirga, tana kiran 'yan wasa da sunayensu, tana ce wa wannan ya saki, wancan ya ja baya, su dakata, su tafi. Muryar alƙalin wasa ce. A ƙwallon ƙafa alƙali na iya yin minti biyu ko uku bai ce uffan ba. A nan idan ya yi shiru na daƙiƙa 10, wani abu ya riga ya lalace.

Zari-ruga iri biyu ne, kuma ana yawan haɗa su. Wanda ake bugawa da mutum 15 shi ne na asali. Na lig ya ɓalle daga cikinsa ranar 29 ga Agusta 1895, a otal ɗin George da ke Huddersfield a arewacin Ingila, saboda rigima kan biyan ma'aikatan haƙar kwal da na masaƙu diyyar kuɗin aikin da suke rasawa ranar wasa. A 1906 aka rage 'yan wasa zuwa 13, a 1908 wasan ya kafu a Sidni. Yau ƙarfinsa yana gabashin Ostireliya, arewacin Ingila, New Zealand, kudancin Faransa da Papua New Guinea. Najeriya ma ba baƙuwa ba ce: Martin Offiah, ɗaya daga cikin taurarin Widnes da Wigan, iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma a 2019 Najeriya ta ɗauki kofin yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas, gasar da Ghana da Kamaru da Moroko suka buga.

Abin da ya kamata a fahimta game da wannan sana'a shi ne, aikin da alƙali ke yi daban, abin da ake tuna shi da shi daban. Aikinsa na gaske yana cikin wasu daƙiƙa 3 zuwa 4 da ke maimaita kansu sama da sau 200 a wasa guda, kuma ba kowa ke lura da su ba. Sunansa kuwa, hukunci ɗaya ne ke ɗaga shi ko ya binne shi.

Ga yadda waɗannan daƙiƙun suke. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kama ta sau 6, bayan na 6 ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Idan an kayar da mai ƙwallo, ko an riƙe shi a tsaye har ya daina ci gaba, alƙali zai yi kiran cewa kamu ya cika, ya faɗi lambar kamun da ƙarfi. Nan take dole masu kamun su sake shi. Shi kuma ya miƙe a daidai inda aka kama shi, ya fuskanci gidan abokan hamayya, ya ajiye ƙwallo ƙasa, ya tura ta baya da ƙafa ga abokinsa da ke tsugune a bayansa. Mutum biyu kacal daga masu tsaro aka yarda su tsaya a gabansa, ɗaya a bayan ɗaya, kuma su daidaita da shi sak. Sauran duk sai sun koma baya mita 10, kuma ba su da iznin tasowa sai ƙwallo ta fita daga ƙafarsa. Ba a zana layin mita 10 ɗin nan a ƙasa, domin wurin kamu yana canzawa kowane lokaci. Alƙalin da kansa shi ne layin. Yana jin kamu ya cika sai ya ruga da baya, fuskarsa na kallon ƙwallo, ya tsaya inda idonsa ya auna masa mita 10, masu tsaro su jera da ƙafarsa.

To a nan wahalar take. Yana tsaye mita 10 daga wurin kamu, amma dole ya ga abin da hannaye ke yi a can. A lokaci guda dole gefen idonsa ya kama mutum 10 ko 11 da ke jere hagu da damansa a faɗin fili mai mita 68. Kuma duk ƙungiyoyin biyu suna da dalilin yi masa wayo. Masu tsaro suna son jinkiri, ko da na daƙiƙa guda ne, domin layinsu ya jeru. Don haka manyan ƙungiyoyi ke ɗaukar masu koyar da kokawa: a juya mai ƙwallo ya kwanta rigingine, a ɗora hannu kan ƙwallo lokacin tashi, a ja masa ƙafa, mutum na uku ya faɗo a kansa bayan kamu ya riga ya cika, ko a tashi ɗaya bayan ɗaya maimakon tare. Mai ƙwallo shi ma ba waliyyi ba ne. Yana iya matsawa taku ɗaya gaba daga inda aka kama shi don ya ci tazarar, ko ya mirgina ƙwallo ta ƙarƙashinsa ba tare da ƙafa ta taɓa ta ba, ko ya maƙale hannun mai tsaro a hammatarsa ya yi ta wutsil-wutsil kamar shi aka danne.

Idan alƙali ya hura usur kan kowane ɗayan waɗannan, wasa ya mutu, 'yan kallo su yi masa ihu. Idan ya kau da kai, cikin minti 15 'yan wasa sun gane iyakarsa, tashin ƙwallo ya yi nauyi, tazarar ta koma mita 8, wasa ya zama turereniya a tsakiyar fili, fushi ya taru har a kai ga dambe. Gwanin alƙali yana kafa ma'auninsa a mintunan farko, da baki kafin usur, sannan ya riƙe wannan ma'aunin har minti na 80, lokacin da ƙafarsa ta yi nauyi kuma mita 10 ɗin da ya auna da farko ta fara raguwa ba da saninsa ba. Mafi yawan kurakuran ƙarshen wasa gajiya ce tushensu, ba rashin sanin doka ba.

Ƙirgan ma da ake gani kamar wasan yara yana da tarkuna. Idan ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan wasa ta yi gaba, abokin hamayya ya tsince ta aka kama shi, wannan kamun sifili ne, ba na ɗaya ba. Idan mai tsaro ya kai hannu da gangan ya taɓa ƙwallo sannan ta koma hannun masu ita, ƙirga ya koma farko. Idan kuwa ƙwallon ce ta buge shi ba tare da ya neme ta ba, ƙirga na nan yadda yake. Bambance waɗannan biyun, a cikin gudu, shi ne abin da ya fi cin alƙalai. A kamu na 5 alƙali zai ɗaga hannu sama ya yi kiran na ƙarshe, domin masu ƙwallo su san lokacin bugawa ya yi. A wasan zagayen ƙarshe na babbar gasar Ostireliya a 2013 tsakanin Cronulla da North Queensland, ƙirga ya kuɓuce wa alƙalai biyu, Matt Cecchin da Henry Perenara, Cronulla ta ci maki a kamu na 7, aka tashi 20 da 18, North Queensland ta fita daga gasa. Irin haka ya taɓa faruwa da Greg Hartley a 1978 tsakanin Manly da Parramatta, kuma har yau magoya bayan Parramatta ba su manta ba.

Hukumar gasar NRL ta Ostireliya ta yi ƙoƙarin raba wannan nauyin. Daga 2009 ta sa alƙalai biyu a cikin fili, ɗaya ya riƙe layin mita 10, ɗaya ya tsaya bayan wurin kamu yana sa ido kan hannaye. Ingila da wasannin ƙasa da ƙasa ba su bi ta ba. A 2020, da za a dawo wasa bayan hutun korona, shugaban hukumar Peter V'landys ya mayar da tsarin alƙali ɗaya, duk da ƙin amincewar ƙungiyar alƙalan da farko, ya kuma kawo sabuwar doka: idan mai tsaro ya jinkirta tashin ƙwallo, ba a tsayar da wasa, alƙali zai kaɗa hannu sama da kansa a sake ƙirga 6 daga farko. A 2021 aka haɗa da laifin rashin cika mita 10. Wasa ya ƙara sauri sosai, amma wayo ya biyo baya: ƙungiyoyi suka gane cewa yin laifi a kamu na farko, can kusa da gidan abokan hamayya, kusan kyauta ne, tunda kamu ɗaya kawai aka ƙara musu. Shi ya sa a 2022 aka gyara, laifin da aka yi wa ƙungiya a cikin mita 40 na gidanta ya koma cikakken bugun hukunci. A ganinmu wannan doka ta ƙara wa alƙali iko fiye da yadda ake zato, domin hukunci ne da ake yankewa wasa na gudana, ba mai damar tambaya, kuma sau da yawa ɗan kallo bai ma san laifin me aka yi ba.

Babu wanda ke faɗowa wannan matsayi daga sama. Yawancinsu sun fara hura usur suna 'yan shekara 14 ko 15, a wasannin yara na safiyar Asabar, ƙarƙashin ƙungiyar alƙalai ta gundumarsu, ana biyansu abin da bai wuce kuɗin mota da abinci ba. A jihar New South Wales tsanin a bayyane yake: wasannin gunduma, sai gasannin matasa na Harold Matthews da SG Ball, sai Jersey Flegg, sai gasar manya ta jiha. A Queensland ma akwai makamancinsa. A Ingila ana hawa daga gasannin 'yan sa-kai zuwa gasar ƙwararru ta Championship, sai Super League. A kowane mataki akwai mai tantancewa zaune a gefe da takarda, yana rubuta inda alƙali ya tsaya, yadda ya yi magana, da abin da ya bari ya wuce. Kafin a ba mutum usur a babbar gasa, yawanci sai ya yi shekaru yana riƙe tuta a gefen fili, inda zai koyi saurin wasan manya ba tare da nauyin duka ya hau kansa ba. Shekara 10 ko fiye tsakanin wasan farko da babbar gasa ba abin mamaki ba ne, kuma a duk tsawon lokacin mutum yana da wata sana'ar da yake ci da ita. Bill Harrigan, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanaye, ɗan sanda ne. Kaɗan ne ke shigowa ta wata ƙofar, kamar Perenara da ya buga wa New Zealand wasa kafin ya koma alƙalanci. Mata ma sun hau tsanin: Belinda Sharpe ce mace ta farko da ta yi alƙalancin wasan NRL a 2019, a tsarin alƙalai biyu, sannan a 2023 ita da Kasey Badger kowacce ta riƙe wasa ita kaɗai.

Wanda ya samu kwantiragin cikakken aiki, makonsa bai bambanta da na ɗan wasa ba. Bayan wasa akwai hutun jiki, sannan zaman bita inda ake warware wasan gaba ɗaya a bidiyo, hukunci bayan hukunci, har da waɗanda ya kamata ya yanke bai yanke ba. A farkon mako ake fitar da jadawalin wanda zai riƙe wane wasa, kuma nan ne ake gane wanda aka sauke zuwa ƙaramar gasa ko aka mayar gefen fili. Atisayen ya fi karkata ga gudu mai tsayawa da tashi, da gudu da baya, da juyawa. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka saba shi ne a ruga mita 20 a dawo, 40 a dawo, 60 a dawo, sau 5 ba hutawa, jimla mita 1,200, ana duba agogo. Masu horarwa sukan jefa wa alƙali tambayar doka ko hoton wani kamu yana tsakiyar haki, domin a ga ko kansa na aiki lokacin da huhunsa ke ƙuna. Akwai kuma nazarin ƙungiyoyin da zai haɗu da su: wa ke saurin tasowa daga layi, wa ke son ɗora hannu kan ƙwallo, wane kyaftin ne ba ya gajiya da ƙorafi. Sai tafiya, daga Townsville zuwa Melbourne zuwa Auckland, ko daga arewacin Ingila zuwa Perpignan gidan Catalans Dragons.

Ranar wasa yana sanye da makirfo da abin ji a kunne. Masu tuta biyu suna yi masa magana, ɗakin bidiyo yana yi masa magana, kuma duk abin da ya furta masu kallon talbijin suna ji. Kyaftin ne kawai ke da damar neman bayani, shi ma sai wasa ya tsaya. Wanda ya mayar masa da magana, ana matsar da bugun hukunci mita 10 gaba. Sama da haka akwai korar minti 10, wadda a Ostireliya ake nunawa da buɗe yatsu goma, a Ingila kuma da katin gargaɗi, sai kora baki ɗaya. Idan ya ga abin da bai tabbatar da nauyinsa ba, zai gicciye hannayensa sama da kai, alamar an miƙa lamarin ga kwamitin da ke bitar wasa bayan an tashi. Harrigan ya kori Gorden Tallis na Queensland a wasan jihohi na 2000, wato karawar Queensland da New South Wales, saboda ya kira shi macuci, kuma a irin wannan wasa, da ake barin abubuwa da yawa su wuce, kora ba ƙaramin abu ba ne.

Bidiyo ya shigo wannan wasa tun 1996, da kafuwar Super League, shekaru masu yawa kafin ƙwallon ƙafa ta karɓe shi. Darajarsa ta fito fili a wasan ƙarshe na NRL na 1999 a gaban mutum 107,999, inda Jamie Ainscough na St George Illawarra ya doki Craig Smith na Melbourne a kai yana shirin dangwala ƙwallo a bayan layin gidan abokan hamayya, wato yadda ake cin maki. Bayan an duba hoton, Harrigan ya ba Melbourne makin a matsayin hukunci, bugun da ya biyo baya ya zama daga gaban turaku, Melbourne ta ɗauki kofi da 20 da 18. A 2016 NRL ta tattara aikin bidiyo a ɗaki guda a Sidni da ake kira Bunker, a 2020 kuma ta ba kyaftin damar ƙalubalantar hukunci: idan ya yi daidai damarsa na nan, idan ya faɗi ta tafi. Abin da ɗakin ke dubawa kafin a tabbatar da maki 4 na dangwala yana da yawa. Shin hannu na kan ƙwallo lokacin da ta taɓa ƙasa, ko ta kuɓuce? Shin gwiwar hannun da ke riƙe da ita ta riga ta taɓa ƙasa mai tsaro na riƙe da shi, sannan ya sake miƙa hannu? Shin wanda ya yi gudun yaudara ba ƙwallo ya tare hanyar mai tsaro? Wannan na ƙarshen shi ne ya fi jawo gardama, domin ya dogara da kafaɗar da aka bangaje da kuma ko mai tsaron da kansa ne ya zaɓi shiga karon. Abu ɗaya da aka bar wa alƙalin fili da masu tuta shi ne ƙwallon da aka miƙa gaba, abin da doka ta hana. Kyamara na ruɗar ido a nan: mutumin da ke gudu ya jefa ƙwallo baya, amma saurinsa ya sa ta sauka gaban inda ya sake ta. Doka tana kallon inda hannu ya nufa, ba inda ƙwallo ta faɗi ba.

Duk da haka bidiyo bai rage wa alƙali zafi ba, sai ma ya ƙara, tunda yanzu ana sa ran babu kuskure ko kaɗan. A wasan ƙarshe na 2019, Sydney Roosters da Canberra suna 8 da 8, saura ƙasa da minti 10, Canberra ta buga ƙwallo sama ta dawo hannunta. Alƙali Ben Cummins ya zaci ta taɓa ɗan Roosters, ya yi alamar sabon ƙirga 6. Abokan aikinsa suka gyara masa a kunne cewa ɗan Canberra ta buga, ya canza, ya yi ta kiran kamu na ƙarshe cikin hayaniyar fili. Jack Wighton na Canberra ya riga ya ga alamar farko, ya yarda aka kama shi da ƙwallo, ta koma hannun Roosters, James Tedesco ya ci a zagayen da ya biyo baya, aka tashi 14 da 8. Hukuncin na biyu shi ne daidai a kan abin da ya faru, amma ɗan wasa ya riga ya gina shawararsa a kan na farko. Cummins ya riƙe wasanni sama da 400 a babbar gasa kafin ya ajiye usur a 2023, adadin da ya wuce na Harrigan, amma da ka ambaci sunansa wannan daƙiƙar ce ke fara zuwa bakin mutane.

Na Cecchin ya fi ciwo, domin shi bai ma yi kuskure ba. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 2017 a Auckland, Ingila na gaban Tonga da 20 da 18, Andrew Fifita na Tonga ya rasa ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe, ya sake bin ta ya dangwala. Cecchin ya yanke cewa ta kuɓuce masa, bai miƙa wa bidiyo ba, ya tashi wasa. Shugabanninsa sun goyi bayan hukuncin, amma barazanar kisa ta yi ta zuwa masa, abin da ya bayyana a fili a 2018. A 2015 kuma, bayan wasan Canterbury da South Sydney, 'yan kallo sun yi wa alƙalai ruwan kwalabe suna fita daga fili, har wani jami'in wasa ya faɗi ya ji rauni a kafaɗa. Wannan a saman tsani ke nan, inda akwai 'yan sanda da masu gadi da likitan ƙwaƙwalwa. A ƙasan tsanin, yaro ɗan shekara 15 ne shi kaɗai a fili, iyayen 'yan wasa na zaginsa daga bayan igiya, kuma a nan ne wasan ke asarar alƙalan da da sun zama gwanaye.

Sana'ar ba ta da tsawo a sama. Yawanci tsakanin shekara 40 zuwa 50 gwiwa da agara ke fara gardama, ko kuma kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba. Perenara ciwon zuciya ne ya tsayar da shi a 2021. Waɗanda suka daɗe suna da abin nunawa: Harrigan ya riƙe wasan ƙarshe sau 10 da wasan jihohi 21 kafin ya yi ritaya a 2003, Ashley Klein kuma, wanda ya yi suna a Ingila kafin ya koma gida Ostireliya, ya riƙe wasan ƙarshe na kofin duniya a 2008, ya sake riƙe wanda aka buga a Old Trafford a 2022 tsakanin Ostireliya da Samoa. Bayan usur, wasu kan koma ɗakin bidiyo, wasu su zama masu horar da na baya, wasu su shiga ofis. Graham Annesley daga alƙalanci ya zama ministan wasanni na New South Wales, daga baya ya zama shugaban sashen wasa na NRL, wanda ya shafe shekaru yana fitowa gaban 'yan jarida bayan wasannin mako yana bayanin hukuncin da aka yi daidai da wanda aka kuskure. Harrigan ma ya karɓi shugabancin alƙalan NRL, amma kujerar ba ta fi fili sanyi ba: bayan kakar 2012, wadda ta cika da cece-kuce kan hukuncin bidiyo, aka sallame shi tare da abokin aikinsa Stuart Raper.